Masu cewa "a'a" a cikin kamfani: daga ina sana'ar bin doka da ɗa'a ta samo asali?

A ranar 10 ga Fabrairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da aiki da dokar ƙasarsa da ta hana kamfanoni ba wa jami'an ƙasashen waje cin hanci, na tsawon kwana 180. Hujjarsa ita ce dokar ta ɗaure hannun kamfanonin Amurka, abokan gasarsu kuma suna cin karensu babu babbaka. Tun daga ranar aka shiga tambaya: su kuma dubban ma'aikatan da kamfanoni suka ɗauka musamman don tabbatar da an bi wannan doka da ire-irenta, ina makomarsu? Idan mai bulala ya ajiye bulalarsa, wa zai ci gaba da biyan mai gadi?

Muhawarar ta nuna cewa mutane da yawa ba su ma san ko su wane ne waɗannan ma'aikata ba. Wasu sun ɗauke su 'yan sandan cikin gida. Wasu na ganin lauyoyi ne aka sauya wa suna. Waɗanda aka taɓa zaunarwa gaban kwamfuta don horon shekara-shekara kuwa, kallon masu wa'azin da ba a gayyata ba suke yi musu. Kowane akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ba a gane sana'ar sai an bi sawunta, domin kusan duk takun da ta yi, wata badaƙala ce ta hankaɗa ta.

## Wane aiki suke yi?

Lauyan kamfani yana faɗa wa kamfani abin da doka ta ce, ya kuma kare shi idan an maka shi a kotu. Mai binciken kuɗi yana zuwa bayan an gama kashe kuɗin, ya duba ko lissafi ya daidaita. Jami'in bin doka yana tsakaninsu. Nasa shi ne ya shimfiɗa tsarin da zai sa ƙaramin ma'aikaci da ke can wani reshe a wata nahiya ya bi ƙa'ida ko da babu mai kallonsa, idan kuma ya kauce, labari ya iso sama da wuri.

A ce manajan ciniki ya shigo da murna, kwangilar da aka yi wata takwas ana farauta ta kusa faɗowa, saura kawai a biya wani "mai ba da shawara" kashi goma cikin ɗari. Takardar ta biyo ta teburin jami'ar bin doka. Sai ta yi tambaya uku. Wace shawara ya bayar, ina rahotonta? Me ya sa kamfaninsa yana wata ƙasa, asusun da za a tura kuɗin yana wata? Kuma da gaske ne surukin shugaban hukumar da za ta ba da kwangilar ne? Manaja ya ce ai haka ake yi a can, kowa ma haka yake yi. Ta ƙi sa hannu. Abin da zai biyo baya cikin kwana biyu, ko shugaban kamfani ya mara mata baya, ko ya kira ta ofis ya ce ta riƙa "fahimtar harkar kasuwa", shi ke nuna ko ofishin nata na gaske ne ko hoto.

Sauran aikin ba shi da armashi haka: rubuta ƙa'idoji, horar da ma'aikata, tantance abokan hulɗa, kula da layin wayar da ake kai ƙorafi a asirce, da binciken abin da aka tsegunta. Kalmar "ɗa'a" da ake liƙa wa sunan ofishin tana nufin abin da ya wuce haruffan doka, wato abin da babu sashen da ya hana amma kowa ya san cuta ne. Yadda aka yi kalmomin biyu suka zauna a ƙofa ɗaya, shi ma da labarinsa.

## Jadawalin juyin wata

A ƙarshen shekarun 1950 hukumar samar da lantarki ta kwarin Tennessee a Amurka ta lura da wani abin mamaki. Tayin kwangilar da manyan kamfanoni ke aiko mata a rufe, kowa da ambulan ɗinsa, sau da yawa farashinsu kan zo iri ɗaya sak. Da aka tona sai aka gano manajojin kamfanonin ƙera kayan lantarki na General Electric da Westinghouse da Allis-Chalmers da wasu sun yi shekaru suna haɗuwa a ɗakunan otal suna raba kasuwa a tsakaninsu. Daga wayar bakin titi suke kiran juna, wasiƙa kuma gida ake aika ta cikin ambulan marar tambari. A wani ɓangaren cinikin har jadawali gare su da suka laƙaba wa sunan juyin wata, saboda duk mako biyu ake sauya wanda zai kawo farashi mafi sauƙi ya ci kwangila.

Shari'ar ta haɗa kamfanoni 29 da mutum 45. A Fabrairun 1961 wani alƙali a Filadelfiya ya ci su tarar da jimillarta ta kusa dala miliyan 2, ya kuma tura manajoji bakwai gidan yari na kwana 30. Kwana 30 ba wani abu ba ne, amma ganin manyan masu kwat a bayan kanta ya girgiza 'yan kasuwar ƙasar.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne General Electric tana da rubutacciyar doka ta cikin gida, mai lamba 20.5, wadda ta haramta tattauna farashi da abokan gasa. Manajojin sun san da ita. Da aka zo ba da bahasi a Majalisar Dattawa, an ji cewa wani lokaci na sama kan karanto dokar yana ƙifta ido, na ƙasa kuma ya fahimci saƙon. Tun daga nan matsalar da sana'ar za ta yi ta fama da ita har yau ta bayyana, tun ma kafin a raɗa mata suna: abin da takarda ta ce daban, abin da ake ba mutum ƙarin girma a kansa daban.

Masu hannun jarin Allis-Chalmers sun kai daraktocin kamfanin ƙara, suka ce da sun sa ido da hakan bai faru ba. A 1963 kotun ƙolin jihar Delaware, inda yawancin manyan kamfanonin Amurka ke da rajista, ta wanke daraktocin. Ta ce ba dole ba ne su kafa tsarin leƙen asiri a kan ma'aikatansu muddin ba su ga alamar zargi ba. A riƙe wannan hukuncin, za mu dawo kansa.

## Tambayar akanta

Binciken badaƙalar Watergate, wadda ta kai shugaban Amurka Richard Nixon ga yin murabus a 1974, ya bankaɗo cewa kamfanoni sun zuba kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a yaƙin neman zaɓensa. Stanley Sporkin, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen hukunta masu laifi a hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka, wadda ake kira SEC, lauya ne kuma akanta. Tambayar akanta ya yi: a wane shafi na littafin kamfani aka rubuta waɗannan kuɗi? Amsar ta kai shi ga asusun ɓoye, asusun ɓoyen kuma ya nuna cewa abin da aka ba 'yan siyasar gida somin taɓi ne. Daga ƙarshe kamfanoni sama da 400 suka amsa cewa sun biya fiye da dala miliyan 300 ta hanyoyi masu alamar tambaya, galibi ga jami'ai da 'yan siyasa na ƙasashen waje.

Wutar ta ci manya. A Fabrairun 1975 Eli Black, shugaban kamfanin ayaba na United Brands, ya faɗo daga hawa na 44 na wani bene a New York, daga baya aka gano kamfaninsa ya ba da toshiyar dala miliyan 1.25 don a rage harajin fitar da ayaba a Honduras. Kuɗin kamfanin jiragen sama na Lockheed ya sa an kama tsohon firaministan Japan Kakuei Tanaka a 1976, ya kuma zubar da mutuncin Yarima Bernhard, mijin sarauniyar Holan. A Disambar 1977 Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da FCPA, wadda Trump ya dakatar.

Dokar kashi biyu ce. Na farko ya haramta cin hancin, kuma shi kowa ke magana a kai. Na biyun ne ya shuka irin sana'ar da muke magana, domin ya wajabta wa kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ya riƙe littattafan kuɗi na gaskiya, ya kuma kafa tsarin sa ido na cikin gida. Ke nan rashin tsarin ma laifi ne, ko da ba a kama kowa da jakar kuɗi ba. Duk da haka dokar ta yi shekara ashirin da wani abu tana gyangyaɗi, ƙararrakin da aka shigar a ƙarƙashinta tsiraru ne.

## Gudumar dala 435

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Ronald Reagan ke ɓarin kuɗi a harkar tsaro, jaridu suka cika da labarin gudumar da sojoji suka saya dala 435 da murfin masai na dala 640. Daga baya masana sun ce labarin gudumar ya fi alaƙa da yadda ake raba kuɗin gudanarwa a kan kaya a takarda, amma ina, magana ta riga ta fita. Akwai kuma almundahana ta zahiri. An samu kamfanin ƙera kayan yaƙi na General Dynamics ya cusa wa gwamnati har da kuɗin ajiye karen wani babban jami'insa. A 1985 rundunar sojan ruwa ta dakatar da ba shi sababbin kwangiloli, ta gindaya masa sharaɗin kafa tsarin ɗa'a. Ofishin da ya buɗe ana yawan lissafa shi cikin na farko-farko irinsa.

Reagan ya naɗa kwamiti ƙarƙashin David Packard, wanda ya shaida wa 'yan kwangilar tsaro cewa ko su gyara gidansu ko a gyara musu. A 1986 manyansu suka haɗu suka rattaba hannu kan alƙawarin rubuta ƙa'idojin ɗa'a, horar da ma'aikata, buɗe hanyar kai ƙorafi, da fallasa kansu idan sun gano laifi. A shekarar ce kuma majalisa ta ƙara wa wata tsohuwar doka ta 1863 ƙarfi, wadda ta ba mai kwarmata cutar da aka yi wa gwamnati damar shigar da ƙara ya samu kaso daga abin da aka ƙwato. Daga nan kowane ma'aikacin da aka ɓata wa rai ya zama abin tsoro. Gara ya kira layin kamfani da ya kira lauya.

## Lissafin 1991

Idan za a ba sana'ar nan ranar haihuwa, 1 ga Nuwamban 1991 ce. A ranar ce ƙa'idojin yanke wa ƙungiyoyi da kamfanoni hukunci a kotunan tarayyar Amurka suka fara aiki. Ba su tilasta wa kowa ɗaukar jami'in bin doka ba. Lissafi kawai suka ajiye a kan tebur.

Ga yadda yake. Kamfanin da aka kama da laifi yana farawa da maki 5. Ana ƙara masa idan babba ne kuma da hannun manya a laifin, ko ya taɓa yi, ko ya kawo wa bincike cikas. Ana rage masa maki 3 idan yana da ingantaccen tsarin hana laifi da gano shi, a kuma rage har maki 5 idan ya kai kansa, ya ba da haɗin kai, ya amsa laifinsa. Makin ƙarshe ke nuna sau nawa za a ninka tarar asali, daga kashi biyar cikin ɗari nata har zuwa ninki huɗu. A ce tarar asali dala miliyan 10 ce. Kamfani ɗaya zai iya biyan dala dubu 500, wani da ya aikata laifi iri ɗaya ya biya miliyan 40. Ko daraktan da bai taɓa damuwa da wa'azi ba ya gane wannan karatun.

Ƙa'idojin sun kuma zayyana abin da ake nufi da "ingantacce", cikin sharuɗɗa bakwai: a sami rubutattun ƙa'idoji, a ɗora alhakinsu a kan wani babba, kada a ba wanda aka sani da halin ɓera muƙami mai iko, a horar da ma'aikata, a riƙa bincike tare da buɗe hanyar kai rahoto ba tare da tsoron ramuwa ba, a hukunta kowa daidai, idan kuma an gano laifi a ɗauki matakin hana maimaituwarsa. Wanda ya duba aikin jami'in bin doka a yau, a kowace ƙasa, zai ga inuwar waɗannan bakwai. Sharaɗi na biyu shi ya samar da kujerar. A 1992 masu riƙe da ita suka kafa ƙungiyarsu, a 1996 na fannin kiwon lafiya suka kafa tasu, sai kwasa-kwasai da jarrabawa da takardun shaida suka biyo baya.

Akwai abin dariya a nan. Hukumar da ta rubuta ƙa'idojin ta fitar da rahoto a 2022 cewa cikin ƙungiyoyi da kamfanoni kusan 5,000 da aka yanke wa hukunci a shekara talatin, 11 kacal suka samu ragin nan na maki 3. Dalili kuwa, yawancin waɗanda ke kaiwa gaban alƙali ƙanana ne da ba su da wani tsari. Manyan tun a ofishin mai gabatar da ƙara suke daidaitawa, su biya kuɗi, su yi alƙawarin gyara, a jingine tuhuma. A can ne tsarin bin doka ke yi musu rana, domin tun daga 1999 Ma'aikatar Shari'a ta sa shi cikin abubuwan da ake dubawa kafin a yanke shawarar gurfanar da kamfani.

Sai hukuncin 1963 da muka ajiye. A 1996, a shari'ar kamfanin kiwon lafiya na Caremark, wanda ya biya kusan dala miliyan 250 kan ba likitoci na goro, alƙali William Allen na Delaware ya ce zamani ya sauya. Daraktoci ba za su ƙara fakewa da "ba mu sani ba" alhali ba su yi ƙoƙarin kafa hanyar da za su sani ba. An daɗe ana ganin hukuncin ba shi da haƙora, sai a 2019 kotu ta bari a ci gaba da ƙarar daraktocin kamfanin askirim na Blue Bell, bayan ƙwayar cuta a kayansa ta kashe mutum uku, a 2021 kuma aka yi haka da na Boeing bayan faɗuwar jirage biyu.

## Littafi mai shafi 64

Kamfanin makamashi na Enron yana da littafin ɗa'a mai shafi 64. A 1999 daraktocinsa suka zauna suka jingine wa babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, sashen da ya hana mutum cin tudu biyu, domin ya samu damar tafiyar da wasu kamfanonin gefe da ke ciniki da Enron ɗin. Ta irin waɗannan kamfanoni aka riƙa ɓoye bashi. Wata ma'aikaciya, Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban kamfanin gargaɗi a Agustan 2001. A Disamba kamfanin ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fansho. Watanni kaɗan kamfanin sadarwa na WorldCom ya biyo baya, inda wata mai binciken kuɗi ta cikin gida, Cynthia Cooper, da mutanenta suka riƙa aiki da dare a ɓoye har suka gano aringizon biliyoyin daloli.

Dokar Sarbanes-Oxley ta Yulin 2002 ta sa shugaban kamfani da jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafi gaskiya ne, ta wajabta hanyar kai ƙorafi ba tare da bayyana suna ba, ta kuma ba mai kwarmato kariya. A 2004 aka yi wa ƙa'idojin 1991 kwaskwarima, aka ƙara cewa dole tsarin ya gina al'adar da ke ƙarfafa ɗa'a a cikin kamfani. Tun a 1994 Lynn Sharp Paine ta jami'ar Harvard ta yi jayayyar cewa tsarin da aka gina kan tsoron hukunci kaɗai yana koya wa ma'aikaci tambayar "za a kama ni?" maimakon "daidai ne?". Enron ya ba maganarta nauyi. Haka kalmomin biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya.

## Yadda ta tsallaka teku

Har zuwa 1999 kamfanin Jamus na iya cire cin hancin da ya bayar a ƙasar waje daga harajinsa, a matsayin kuɗin da aka kashe don amfanin kasuwanci. Amurka ta yi shekaru tana matsa wa ƙawayenta, har aka cimma yarjejeniyar yaƙi da cin hanci ta 1997 a ƙarƙashin OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Amma abin da ya farkar da Turai shi ne badaƙalar kamfanin Siemens na Jamus. A Nuwamban 2006 masu bincike suka dirar wa ofisoshinsa a Munich. An gano biyan kuɗi na kusan dala biliyan 1.4 a ƙasashe da dama. Akwai teburan da ma'aikaci zai je ya cika jaka da tsabar kuɗi, wasu manajoji kuma a kan 'yar takarda mai manne suke sa hannun amincewa, don a ɓanɓare ta idan masu bincike sun zo. A Disambar 2008 kamfanin ya biya kimanin dala biliyan 1.6 a Amurka da Jamus, ma'aikatan sashen bin dokarsa kuma suka tashi daga ƙasa da 100 zuwa sama da 500.

Birtaniya ta yi dokarta a 2010, wadda ta mai da gazawar hana cin hanci laifi, sai dai in kamfani ya nuna yana da isassun matakai. Brazil ta yi tata a 2013. Faransa a 2016 ta wajabta tsarin kai tsaye a kan kamfanoni masu ma'aikata 500 da cinikin da ya haura yuro miliyan 100.

Bankuna tasu hanyar daban ce, ta yaƙi da halasta kuɗin haram, tun daga dokar Amurka ta 1970, da kafa FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai sa ido kan wannan yaƙi, a Paris a 1989, da dokokin da suka biyo harin 11 ga Satumban 2001. A 2012 HSBC ya biya dala biliyan 1.9, bayan an gano dillalan ƙwaya a Mexico suna kawo kuɗi cikin akwatunan da aka ƙera daidai faɗin tagar mai karɓar kuɗi. BNP Paribas ya biya kusan biliyan 9 a 2014 kan keta takunkumi. Bayan irin wannan tara, bankuna suka shiga ɗaukar jami'an bin doka dubu-dubu.

## Inda ake ja-in-ja

Masu suka suna cewa an gina masana'antar takardu ce kawai, kuma ba su rasa hujja. A 2016 aka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu kusan miliyan 2 ba da saninsu ba, adadin da daga baya ya kai miliyan 3.5. Bankin yana da littafin ɗa'a, yana da horo, yana da layin waya. Yana kuma da burin sayar wa kowane gida hajoji takwas, da manajojin da ke bin ma'aikaci kullum da lissafin abin da ya sayar. An kori ƙananan ma'aikata 5,300. Wasu tsofaffin ma'aikata sun shaida wa 'yan jarida cewa bayan sun kira layin ƙorafin ne aka sallame su. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙifta idon 1961 ne ya dawo, wannan karon cikin jadawalin albashi.

Masu kare sana'ar kan kawo misalin bankin Morgan Stanley. A 2012 aka ɗaure wani babban ma'aikacinsa, Garth Peterson, kan cin hanci a Shanghai, amma aka ƙyale bankin, saboda ya nuna ya horar da mutumin sau bakwai, ya kuma tunatar da shi dokar aƙalla sau 35. Ni dai a ganina misalin kaifi biyu gare shi. Ya nuna tsarin ya ceci kamfani. Bai nuna ya hana cin hancin ba.

Sai batun wa jami'in ke amsa wa. Idan yana ƙarƙashin babban lauyan kamfani, wanda aikinsa kare kamfani ne, yaya zai yi ranar da kariya da gaskiya suka raba hanya? Shi ya sa a sulhun dala biliyan 2.3 da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi a 2009 hukumomi suka sa sharaɗin kada jami'in ya kasance a ƙarƙashin lauya ko jami'in kuɗi. Duk da haka wanda yake sa wa ido shi ke biyansa albashi, wannan ƙullin kuma babu dokar da ta kwance shi. Ga kuma haɗari ta ɗaya gefen. A 2014 hukumomin Amurka suka nemi tarar dala miliyan 1 daga aljihun Thomas Haider, tsohon jami'in bin doka na kamfanin tura kuɗi na MoneyGram, aka daidaita a kan dubu 250 a 2017. Ya yi tsauri a kore shi, ya yi sako-sako hukuma ta kama shi.

Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta fahimci sukar. Jagorar da ta fara fitarwa a 2017, ta kuma riƙa sabuntawa, ta taƙaita awon cikin tambaya uku: an tsara shi da kyau? An ba shi kuɗi da iko na gaske? Yana aiki a zahiri?

## Ina ruwan mutumin da ba shi da kamfani?

Duk wanda banki ya taɓa tambaya inda ya samo kuɗinsa, ko aka riƙe masa kuɗin da aka turo har sai ya kawo takardu, ya gamu da wannan sana'a. Maganin da likita ya rubuta don shi ya dace da cutar, ba don wani kamfani ya kai shi yawon buɗe ido ba, akwai hannunta a ciki. Ma'aikaci a Tarayyar Turai, inda dokar 2019 ta wajabta wa kamfani mai mutum 50 buɗe hanyar kai rahoto, yana da ƙofar da iyayensa ba su samu ba.

Tana kuma da tsada, kuma ba masu laifi kaɗai ke biya ba. Idan tantance abokin hulɗa ya fi ribar da za a samu a kansa, banki kan zaɓi rufe asusun ya huta. A 2013 bankin Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin tura kuɗi kusan 250 a Birtaniya, ciki har da Dahabshiil, wanda iyalai da yawa a Somaliya ke karɓar kuɗin abinci da na makaranta ta hannunsa. Sai da aka je kotu. Babu wanda ya ce waɗannan iyalai sun yi laifi, lissafin haɗari ne kawai ya faɗa a kansu. Ƙaramin kamfanin da ke son sayar wa babba kaya shi ma yakan tarar da tambayoyi shafi-shafi da ba shi da ma'aikacin cike su.

## To, bayan umarnin Trump fa?

Dakatarwar ba ta cika kwana 180 ba. A Yunin 2025 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da sababbin ƙa'idoji, ta ce za ta ci gaba da aiki da dokar amma ta fi mai da hankali kan cin hancin da ke da alaƙa da ƙungiyoyin dillalan ƙwaya, ko ya cuci kamfanonin Amurka, ko ya taɓa tsaron ƙasa. Babu shakka bulalar ta yi laushi, kuma duk wanda ya san yadda ake rabon kasafi a kamfani ya san sashen da ba ya kawo riba shi ake fara yi wa aski. Inda za a gane tasirin shi ne a yawan ma'aikatan sashen, da kuma ko jami'in zai ci gaba da shiga zaman daraktoci.

Sai dai bulalar yanzu ba a hannu ɗaya take ba. A Maris na 2025 masu gabatar da ƙara na Birtaniya da Faransa da Suwizalan suka sanar da haɗa gwiwa kan shari'o'in cin hanci na ƙasa da ƙasa. A ranar 1 ga Satumban shekarar sabon laifin gazawar hana zamba ya fara aiki a kan manyan kamfanoni a Birtaniya. Ita kanta dokar 1977 majalisa ba ta soke ta ba, umarnin shugaban ƙasa kuma ba ya goge doka. Wa'adin shigar da ƙarar cin hanci a ƙarƙashinta shekara biyar ne, ana ma iya tsawaita shi idan ana jiran hujja daga ƙasar waje. Kuɗin da manajan cinikin nan ya so a tura wa surukin shugaban hukuma a 2025, ana iya tambayar inda aka rubuta shi har zuwa 2030, lokacin da wata gwamnatin ce ke Washington.